Babi na Shida: Ƙaramin Kifin da Ya Sa Aka Koyi Auna Teku

Gaɓar tekun ƙasar Peru hamada ce. Daga iyakarta da Chile a kudu har zuwa kusa da Ekwado a arewa, tafiyar fiye da kilomita 2,000, yashi ne da duwatsu, sai 'yan kogunan da ke gangarowa daga tsaunukan Andes suna shayar da gonaki a cikin kwari. A Lima, babban birnin ƙasar, akan shekara ba a ga ruwan saman da zai yi gudu a ƙasa ba. Amma albarkar da tudu ya rasa, Allah Ya zuba ta a ruwa. Wannan siririn yanki na Tekun Fasifik bai kai kashi 1 cikin 100 na faɗin tekunan duniya ba, duk da haka babu inda ya kai shi yawan kifi. A 1970, kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk kifin da aka kamo daga teku a faɗin duniya daga nan ya fito, kuma kusan dukkansa nau'i ɗaya ne: wani ɗan kifi mai launin azurfa da mutanen ƙasar ke kira anchoveta. Tsawonsa ba ya wuce santimita 20, rayuwarsa kuwa wajen shekara uku ce.

Tarihin wannan kifi shi ne tarihin yadda ɗan'adam ya koyi auna teku, ya koyi lissafa halinta a kwamfuta, sannan, bayan asara mai tsanani, ya fara koyon janye hannu idan awo ya nuna a janye.

Ruwan sanyi a ƙasar zafi

A 1802 Bajamushen nan mai yawon binciken ƙasa, Alexander von Humboldt, ya tsoma ma'aunin zafi a tekun Peru ya tarar da wajen digiri 16, alhali a irin wannan yanki na tsakiyar duniya ruwan teku kan kai digiri 25 ko fiye. Har yau da sunansa ake kiran ruwan da ke kwarara arewa a gefen Chile da Peru. Amma cikakken dalilin sanyin sai bayan shekara ɗari ya bayyana.

Fridtjof Nansen na ƙasar Norwe, lokacin da jirginsa Fram ke maƙale a ƙanƙarar arewacin duniya tsakanin 1893 da 1896, ya lura ƙanƙarar ba ta bin iska kai tsaye, tana karkata zuwa dama. Wani matashi ɗan Suwidin, Vagn Walfrid Ekman, ya warware matsalar da lissafi a 1905: juyawar duniya ce ke karkatar da ruwan da iska ta tura, zuwa dama a arewacin duniya, zuwa hagu a kudancinta. A Peru, iska na kaɗawa daga kudu zuwa arewa tana bin gaɓa kusan duk shekara. Hagunta kuwa yamma ne, wato tsakiyar teku. Saboda haka kullum ana kore ruwan sama daga bakin gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi na tasowa yana maye gurbinsa.

Ruwan ƙasan nan cike yake da sinadaran taki irin su naitiret da fosfet, waɗanda suka taru daga ruɓewar duk abin da ya mutu ya nitse. Da zarar ya haɗu da hasken rana, ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani sai su yaɗu har teku ta koma kore. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci tsirran, anchoveta ya ci ƙwarin da tsirran gaba ɗaya, sauran halittu kuma su ci anchoveta. Wannan sanyin ne ma ya mayar da gaɓar hamada, domin iskar da ta kwanta a kan ruwan sanyi ba ta tashi sama ta haɗa hadari, sai dai ta yi hazo.

Tsuntsaye ne suka fara cin moriyar kifin. Miliyoyinsu na kwana a tsibiran bakin gaɓa, kashinsu na taruwa ba ruwan saman da zai wanke shi, har ya yi tsibi mai tsawon mita 30 a tsibiran Chincha. Daga shekarun 1840 Peru ta riƙa sayar da wannan taki ga manoman Turai da Amurka, cikin shekara talatin da 'yan kai ta kusa kwashe abin da ya taru a ƙarnoni. A 1909 gwamnati ta kafa kamfanin da zai kare tsuntsayen ya tsara ɗibar takin, kuma ma'aikatansa na cikin waɗanda suka fara rubuta halin teku a kai a kai. A garin Puerto Chicama ana da lissafin zafin ruwa tun daga 1925, kuma yana cikin awo mafi daraja da masana ke komawa gare shi har yau.

Shekarar da teku ta juya baya

A shekarun 1950 aka gano hanyar da ta fi jiran tsuntsu saurin kawo kuɗi: a kama kifin, a dafa, a matse mai, a busar, a niƙa shi gari, a sayar wa masu kiwon kaji da aladu a Turai da Amurka. Daidai lokacin kamun sadin ya durƙushe a Kalifoniya, sai injuna da ƙwararrun can suka yo kudu. Chimbote, wanda ɗan ƙauyen masunta ne a da, ya zama babban birnin masana'antu cikin 'yan shekaru. Kafin 1970 jiragen su masu zagaye kifi da taru sun haura 1,000, masana'antun garin kifi sun haura 100.

Ba a cikin duhu aka yi wannan ba. Tun 1964 Peru ta kafa cibiyar binciken teku, IMARPE, a tashar jiragen ruwa ta Callao, kuma ta gayyato ƙwararru daga ƙasashen waje tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kwamitinsu ya ƙiyasta cewa abin da za a iya kamawa duk shekara ba tare da an taɓa asali ba shi ne wajen tan miliyan 9 da rabi, ya kuma yi gargaɗi cewa jirage da masana'antu sun yi yawa fiye da kima. A 1970 abin da aka rubuta a hukumance ya haura tan miliyan 12, ban da wanda ya lalace ko aka ɓoye. Mai jirgi na da bashin banki a wuyansa, mai masana'anta na da injin da ba ya son ya kwana, gwamnati na bukatar kuɗin ƙasashen waje. Gargaɗin masana bai yi nauyin da zai rinjayi waɗannan ba.

A farkon 1972 ruwan ɗumi ya mamaye gaɓar. Kifin da ya rage ya taru a 'yan wuraren da sanyi ya saura kusa da tudu, ya cunkushe wuri guda, ya zama da sauƙin kamu. Jirage suka riƙa dawowa shaƙe, mutane suka ɗauka kifi ne ya yawaita, alhali ragowar ake kwashewa, kuma 'ya'yan da ya kamata su maye gurbi a wannan shekara ba su rayu ba. Kamun 1972 ya faɗo ƙasa da tan miliyan 5, na 1973 ƙasa da miliyan 2. Gwamnatin soja ta Janar Juan Velasco Alvarado ta karɓe masana'antar baki ɗaya a 1973, amma doka ba ta dawo da kifi. Dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Tsuntsayen da aka ƙiyasta sun haura miliyan 20 a tsakiyar shekarun 1950 suka koma 'yan miliyoyi kaɗan.

Girgizar ta kai nesa. Da garin kifi ya yi ƙaranci, masu haɗa abincin dabbobi suka koma wa waken soya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, har Amurka ta dakatar da fitar da shi na ɗan lokaci a watan Yunin 1973. Shi kuwa anchoveta ya ƙi farfaɗowa. Bayan wani ruwan ɗumin a 1982 da 1983, kamun 1984 bai kai tan dubu 100 ba.

Babban darasin 1972 shi ne: cikar jirgi ba shaidar yawan kifi ba ce. Kifin da ke tafiya garke-garke ana iya ci gaba da cika taru da shi har zuwa garken ƙarshe. Dole a sami hanyar ƙidaya da ba ta dogara ga abin da masunta suka sauke ba, kuma dole a san daga ina ruwan ɗumin ke fitowa.

Daga ina ɗumin ke zuwa?

Masuntan Paita a arewacin Peru sun daɗe da sanin wani ruwan ɗumi da ke gangarowa daga arewa wajen ƙarshen shekara. Da yake lokacin Kirsimeti yake zuwa, sai suka raɗa masa El Niño, wato jariri, suna nufin Annabi Isa. Wani hafsan sojan ruwa, Camilo Carrillo, ya ambaci sunan a gaban masana ilimin ƙasa a Lima a 1892. Shekaru da dama an ɗauka al'amari ne na bakin gaɓar Peru kaɗai.

Can a Indiya kuma, Gilbert Walker, wanda ya zama shugaban hukumar yanayi ta ƙasar a 1904, yana neman dalilin da ke sa damina ta ƙi a wasu shekaru. Ya tattara awon nauyin iska daga tashoshi a sassan duniya, ya gano cewa idan nauyin ya hau a gabashin Fasifik sai ya sauka a yankin Indonesiya da arewacin Ostireliya, bayan wasu shekaru kuma abin ya juya. Bai san dalili ba, kuma bai haɗa shi da teku ba.

Jacob Bjerknes, ɗan asalin Norwe da ke koyarwa a Kalifoniya, shi ya ƙulla zaren a 1969. A shekarun lafiya, iskar gabas na tura ruwan ɗumin saman teku zuwa yamma, yana taruwa a gefen Indonesiya har tekun can ta ɗara ta gefen Peru tudu da wajen rabin mita. A yamma sai an nitsa mita 150 ko fiye kafin a iske ruwan sanyi, a gabas kuwa yana kusa da sama. Bambancin zafin nan tsakanin gabas da yamma shi ke ƙarfafa iskar, iskar kuma ita ke riƙe da bambancin. Idan ɗaya ya yi rauni, ɗayan ma sai ya bi, kowanne na ƙara raunana ɗan'uwansa. Klaus Wyrtki na jami'ar Hawai, da ma'aunan tudun teku da ya baza a tsibirai, ya nuna a 1975 cewa idan iskar ta sassauta, ruwan ɗumin da aka tara a yamma na komawa gabas. Yana tafiya ne a matsayin wata doguwar igiya ta ƙarƙashin ruwa da ake kira igiyar Kelvin, wadda ke ƙetare Fasifik cikin wata biyu zuwa uku.

Idan ta iso Peru, sai ta danne ruwan sanyi zuwa ƙasa. Iskar bakin gaɓa ba ta tsayawa, ruwa na ci gaba da tasowa, amma wanda ke tasowar mai ɗumi ne marar taki. A shekara mai tsanani zafin ruwan gaɓa kan ƙaru da digiri 7 ko 8. Anchoveta ya nitse, ko ya matso gaɓa, ko ya yi kudu. Ya rame, ƙwansa ya ragu. Ruwa ba ya tsami banza: yunwar da ke samun kifi a Chimbote ta samo asali ne daga iskar da ta sassauta a nisan kilomita fiye da 10,000.

Sanin dalili daban, ganin abu yana tafe daban. El Niño na 1982 da 1983, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a ƙarnin, ya yi nisa kafin masana su yarda yana faruwa. Dutsen El Chichón na Meziko ya yi aman wuta a 1982, ƙurarsa ta rufe sararin sama ta sa taurarin ɗan'adam suna nuna teku ta fi yadda take sanyi. 'Yan awon da ke zuwa daga cikin teku kuma ba su da yawa, wasu sai bayan watanni suke isowa, wasu ma an yi watsi da su don ana ganin zafin da suka nuna ya wuce hankali.

Teku a cikin kwamfuta

Wannan abin kunya ya haifar da aiki biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa: awo da lissafi.

Ta fuskar awo, Amurka tare da Japan da Faransa da wasu ƙasashe suka dasa gorunan awo kusan 70 a tsakiyar Fasifik, aikin da aka kammala a ƙarshen 1994. Kowace gora an ɗaure ta da igiya har ƙasan teku, tana auna iska a sama da zafin ruwa har zurfin mita 500, tana aika sakamako ta tauraron ɗan'adam kowace rana. A 1992 aka harba tauraron TOPEX/Poseidon mai auna tudun teku daga sama da kuskuren 'yan santimita. Daga shekarar 2000 kuma aka fara baza na'urorin Argo, waɗanda yanzu sun kai wajen 4,000: kowace na nitsewa har mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika rahoto, ta sake nitsewa, duk kwana goma.

Ta fuskar lissafi kuwa, ana gina teku ne a cikin kwamfuta. Ana yanka ta gida-gida, a kwance da kuma a zurfi. Kowane gida ana ba shi zafinsa da gishirinsa da saurin ruwansa da inda ya dosa. Sannan a sa masa dokokin da ruwa ke bi: ruwan da ya fita daga wani gida dole ya shiga na kusa, zafi ba ya ɓacewa sai dai ya ƙaura, iska na turawa, juyawar duniya na karkatarwa, ruwa mai nauyi na nitsewa. Kwamfuta ta lissafa yadda kowane gida zai kasance bayan 'yan mintoci, ta ɗora a kan wannan ta sake lissafawa, har ta kai watanni a gaba. Syukuro Manabe da Kirk Bryan ne suka fara haɗa samfurin teku da na sararin sama wuri guda a 1969, kuma Manabe ya sami kyautar Nobel a 2021. A farkon 1986, Mark Cane da Stephen Zebiak na jami'ar Columbia, da wani sauƙaƙan samfuri da ya taƙaita ga tsakiyar Fasifik, suka sanar cewa El Niño na tafe. Kafin ƙarshen shekarar ya iso. Wannan ne karo na farko da lissafin kwamfuta ya riga teku.

Samfuri ba ya wuce ingancin awon da aka ciyar da shi. Idan ba a san halin teku na yau ba, lissafin gobe ginin toka ne. Saboda haka ake sarrafa samfurin sau da yawa, kowane karo da ɗan bambanci a mafari, a duba inda mafi yawan sakamako ya karkata, a ba da hasashe da kaso cikin ɗari. Hasashen da aka yi tsakanin Maris da Mayu ya fi kowanne rauni, domin a lokacin ne Fasifik ba ta bayyana inda ta dosa. Akwai kuma matsalar girman gida. A samfurin duniya gida ɗaya kan kai faɗin kilomita 100, alhali bakin da ruwa ke tasowa a Peru 'yan gomman kilomita ne. Don haka masanan IMARPE da abokan aikinsu na Faransa ke amfani da samfurin yanki mai ƙananan gidaje, su ƙara masa lissafin taki da tsirran ruwa, su saki ƙwan kifi na ƙarya a ciki su ga inda ruwa zai kai shi.

Duk da haka teku na ci gaba da ba da mamaki. A 2014 samfura da dama sun nuna babban El Niño, bai zo ba sai a shekara ta gaba. A farkon 2017 kuma ruwan gaɓar arewacin Peru ya yi zafi farat ɗaya alhali tsakiyar Fasifik lafiya lau, ambaliya ta ci yankin Piura, mutane fiye da 100 suka rasu a ƙasar, kuma manyan samfuran duniya ba su hango girman abin ba. Shi ya sa Peru ba ta dogara ga hasashen waje kaɗai. Tana da kwamitin ƙasa, ENFEN, wanda ya haɗa masanan teku da na yanayi da sojan ruwa da hukumomin agaji, yana duba awon gaɓarta yana fitar da sanarwa a kai a kai.

Awo kuma ba abu ne da ake yi sau ɗaya a huta ba. A 2012 Amurka ta ajiye jirgin da ke kula da gorunan Fasifik saboda ƙarancin kuɗi, cikin shekara biyu fiye da rabin bayanan da ke fitowa daga gare su ya yanke, sai da masana suka yi ta kuka kafin a gyara.

Ƙidayar abin da ba a gani

Hasashen yanayi na gaya wa mutum abin da ke tafe, amma ba ya gaya masa yawan kifin da ke ruwa yau. Wannan aikin jiragen bincike ne. Sau biyu a shekara jiragen IMARPE na bin gaɓar Peru daga arewa zuwa kudu na tsawon makonni, suna fita teku suna dawowa a kan layukan da aka shata. A ƙarƙashinsu akwai na'urar amsa-kuwwa mai aika sauti cikin ruwa. Sautin na bugun jakar iskar da ke cikin kifi ya dawo, ƙarfin dawowarsa ya nuna yawan kifin. Lokaci-lokaci a jefa raga a ɗebo samfuri don a tabbatar da nau'in, a auna tsawo da nauyi, a tsaga ciki a duba ƙwai. Idan ana bukatar amsa cikin gaggawa, akan ɗora masana a kan jiragen masunta da yawa su share gaɓar cikin 'yan kwanaki, dabarar da ake kira Eureka tun shekarun 1960. A tashoshin Paita da Chimbote da Huacho da Pisco da Ilo kuwa, ma'aikata na auna zafin ruwa da tsawon kifin da aka sauke kowace rana.

A kan wannan awo aka gina dokokin su. A babban yankin arewa da tsakiya, kaka biyu ake yi a shekara, ɗaya daga wajen Afrilu, ɗaya daga wajen Nuwamba, kuma ba a buɗe kowace sai an yi ƙidaya. Ma'aikatar da ke kula da su ce ke yanke adadin da za a kama, bisa sharaɗin a bar wajen tan miliyan 5 na manyan kifi masu ƙwai a ruwa. Manomi komai yunwa ba ya cinye iri, wannan shi ne irin. An haramta kamun kifi a lokacin zubar ƙwai. Kifin da bai kai santimita 12 ba ƙarami ne a idon doka, idan ƙanana suka yawaita a wani yanki sai a rufe shi na wasu kwanaki. Mil biyar na farko daga gaɓa an keɓe wa ƙananan masunta, manyan jirage kuma kowanne na ɗauke da na'urar da ke nuna wa hukuma inda yake.

An ga amfanin wannan a 1997. A karon nan gorunan awo sun nuna ruwan ɗumin yana tafe watanni kafin ya iso, an rufe kamun kifi na dogon lokaci, kuma ko da yake kamun 1998 ya faɗo ƙasa da tan miliyan 2, a shekarar 2000 ya koma wajen miliyan 9. Abin da ya ɗauki kusan shekara ashirin bayan 1972 ya ɗauki shekara biyu. Adalci ne a faɗi cewa yanayi ma ya taimaka. Masana sun gano tekun Peru na da dogayen zango na shekaru gommai, wani mai ɗumi da sadin ke yawaita, wani mai sanyi da anchoveta ke sarauta, kuma shekarun 1990 sun faɗo a mai sanyi. Amma da an kwashe iyayen kamar yadda aka yi a 1972, da sanyin ya dawo bai tarar da mai yin ƙwai ba.

Sauran matsala ita ce rige-rige. Muddin adadin na kowa da kowa ne, kowane jirgi na gudu ya ɗebi rabonsa kafin a rufe, har ta kai a tsakiyar shekarun 2000 kamun shekara guda na ƙarewa cikin wajen kwana 50. Dokar 2008, wadda ta fara aiki a 2009, ta ba kowane jirgi kasonsa gwargwadon tarihin kamunsa da girman cikinsa. Kwanakin su suka ƙaru, kifi ya riƙa isowa masana'anta da ɗanyensa.

Gwaji mafi wuya shi ne ranar da awo ya ce kada a fita sam. A ƙarshen 2014 ƙidaya ta nuna kifin bai kai tan miliyan ɗaya da rabi ba, ba a buɗe kaka ta biyu ba. A watan Yunin 2023, ana cikin wani ruwan ɗumin, gwajin su ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ke shiga taru ƙanana ne, gwamnati ta soke kaka ta farko ɗungurungum. Asarar ta yi yawa: ma'aikatan jirage sun zauna a gida, kuɗin shigar ƙasa ya ragu, farashin man kifi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a kasuwar duniya. A kakar farko ta 2024 aka ba da izinin kama kusan tan miliyan biyu da rabi. Ƙananan da aka bari sun girma.

Abin da ya rage, da abin da ya shafe mu

Tsarin Peru bai tsira daga aibu ba. Kason jirage ya tattaru a hannun 'yan manyan kamfanoni. Ƙungiyoyin kare teku na kokawa cewa har yanzu ana kama ƙananan kifi da yawa. A 2020 an yi zargin an kumbura alƙaluman ƙidayar ƙarshen 2019, har masu gabatar da ƙara suka buɗe bincike, abin da ya nuna cewa cibiyar da ke ƙidaya na bukatar 'yanci daga masu jirage da kuma 'yan siyasa. Sannan akwai tambayar da ta fi kowacce ciwo. Kusan duk anchoveta gari da mai ake mayar da shi, ana niƙa sama da tan 4 na kifi kafin a sami tan ɗaya na gari, mafi yawansa kuma Sin ake kai wa don ciyar da kifin kiwo da aladu, alhali wajen kashi 40 cikin 100 na ƙananan yaran Peru na fama da ƙarancin jini. Tun 2006 masaniyar teku Patricia Majluf da manyan masu dafa abinci na ƙasar ke ƙoƙarin sa mutane su ci kifin kai tsaye, amma kasuwar gari ta fi ƙarfi.

Labarin bai tsaya a Fasifik ba. Mai kiwon kaji ko tarwaɗa a Kano ko Maraɗi da ke sayen buhun abinci mai garin kifi, farashin da yake biya na da alaƙa da abin da jiragen Chimbote suka samu. Masana kuma sun nuna shekarun El Niño kan zo da raunin damina a yankin Sahel, ko da yake ba shi kaɗai ke jawo fari ba. Mafi kusa da mu, Afirka ta Yamma na da nata ruwan mai tasowa: a gefen Maroko da Muritaniya da Senigal, da kuma gefen Gana da Kodebuwa tsakanin Yuli da Satumba. A nan ne ake kama ƙananan kifin da ake bandarwa a kai kasuwannin Kumasi da Tamale da Bamako, naman talaka a gidaje miliyoyi. Masanan Hukumar Abinci da Noma sun daɗe suna gargaɗin cewa ana kama su fiye da kima, masana'antun garin kifi kuma sun yawaita a Nouadhibou cikin shekarun 2010. Gana ta fara rufe kamun kifi na wata guda a shekara. Amma ƙidayar yankin ta dogara sosai ga jirgin bincike na Norwe, Dr. Fridtjof Nansen, wanda ke zuwa lokaci-lokaci, kuma kifin na ƙetare iyakokin ƙasashen da ba su da adadi guda da suka amince a kai.

Peru ta yi asarar kusan shekara ashirin na arziki kafin ta yarda cewa gargaɗin masana umarni ne da ke bukatar a bi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk ƙasar da ke son jikokinta su ci kifi dole ta riƙa auna ruwanta da kuɗinta kowace rana, ta bar mai awo ya faɗi abin da ya gani ba tare da tsoro ba, ta kuma ɗaure jiragenta a ranar da alƙaluma suka ce a ɗaure, komai ƙarfin masu su.